Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Legas Kan Rayuwar Wani Tsohon Soja Mai Hawa Falwaya

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Legas,
Mista Babajide Sanwo-Olu,
Alausa, Ikeja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da majalisarka, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Agege domin in sanar da kai rasuwar wani dattijo da ba ka san shi ba, kuma babu dalilin da zai sa ka san shi, tun da bai taɓa riƙe muƙami ba, sunansa kuma bai taɓa fitowa a jarida ba. Allah Ya yi masa cikawa makonni kaɗan da suka wuce yana dab da shekara tamanin, aka yi masa sutura aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Musulmi da ke nan Agege. Mu a unguwa Baba Kofur muke ce masa, saboda igiya biyun da ya bar soja da su, kuma da wannan laƙabi zan ci gaba da ambatonsa, domin iyalinsa mutane ne masu kunya da ba sa son a baza sunansu. Ya yi wa ƙasar nan yaƙi yana saurayi, sa'an nan ya shafe kusan shekara talatin yana hawa falwaya a titunan Legas domin gidajen jama'a su samu wuta. Ni malamin makarantar firamare ne, a gida ɗaya na tashi da 'ya'yansa, kuma abin da zan faɗa a kansa da idona na gani ko daga bakinsa na ji.

Abin da ya sa na nufo ka da maganar maimakon Abuja shi ne sauyin da aka samu a 'yan shekarun nan. A watan Maris na 2023 aka yi wa kundin tsarin mulki gyaran da ya ba jihohi ikon samar da wutar lantarki da rarraba ta ko da a wuraren da babban layin ƙasa ya ratsa, a watan Yuni na wannan shekarar Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki, kai kuma a watan Disamba na 2024 ka sa hannu a dokar wutar lantarki ta Jihar Legas, wadda a ƙarƙashinta hukumar kula da wutar lantarki ta jiha, wato LASERC, ta karɓi ragamar sa ido daga hannun hukumar tarayya ta NERC. Tun daga lokacin muke jin bayani kan megawat nawa za a ƙara, da masu zuba jarin da ake zawarci, da farashin da kowane rukuni zai biya, amma mutumin da zai jingina tsani ya hau ya ɗaura wayar da hannunsa ba a cika ambatonsa ba. A shari'armu wanda zai ci gado sai an fara biyan bashin mamaci, kuma ina ganin jihar da ta gaji ikon wutar lantarki ta gaji bashin da harkar ke ɗauke da shi na ma'aikatanta.

An haifi Baba Kofur a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, sojojin Najeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma kafin a ajiye makamai a watan Janairu na 1970 sun kai kimanin 250,000, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka cike wannan giɓi samari ne irinsa, 'ya'yan manoma da suka ajiye fartanya aka ba su horon 'yan makonni a Zariya aka miƙa musu bindiga. Daga Zariya jirgin ƙasa ya kawo su Legas, daga Legas jirgin ruwa ya kwashe su zuwa yankin Fatakwal, inda ya faɗa cikin runduna ta uku wadda Kanar Benjamin Adekunle ya jagoranta kafin Kanar Olusegun Obasanjo ya karɓe ta a watan Mayu na 1969. Yaron da bai san wani ruwa da ya wuce kogin Galma ba ya wayi gari cikin fadamu da kurmin da rana ba ta ratsawa, yana kwana da jiƙaƙƙen takalmi, zazzaɓi na kayar da abokansa kafin harsashi ya kai gare su. Da ɓarɓashin bom a cinyarsa ya dawo, kuma har ya mutu idan hadari ya haɗo yakan ce ƙafarsa ta riga kowa sani.

Ba mutum ne mai labarin yaƙi ba. Muna yara mun sha tsare shi da tambaya ko ya taɓa harbin mutum, sai ya kawar da zancen ya aike mu sayen goro. Abin da kawai yakan faɗa, shi ma sai ya ji samari na cika baki a kan faɗan ƙabilanci, shi ne ya ga yaran da yunwa ta kumbura wa ciki gashinsu ya yi ja, kuma wanda ya ga wannan ba zai sake sha'awar jin ƙarar bindiga ba. Babban amininsa a layinmu wani ɗan ƙabilar Ibo ne mai sayar da kayan wuta, wanda shi ma ya yi yaƙin a ɗaya ɓangaren, kuma su biyun sukan zauna a benci ɗaya da yamma suna gardamar ingancin waya.

Da gwamnati ta shiga rage yawan sojoji a shekarun 1970, yana cikin waɗanda aka tura cibiyar koya wa sojoji sana'a da ke Oshodi, inda ya zaɓi aikin wuta. A lokacin hukumar NEPA sabuwa ce, domin a 1972 aka kafa ta bayan an haɗe tsohuwar hukumar wutar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwan Neja, kuma Legas na buɗewa ta kowace kusurwa, ana kafa turaku a wuraren da jiya gonakin rogo ne. Ya samu aiki a matsayin mai riƙe tsani, daga nan ya zama mai hawa, daga baya ya zama shugaban tawagar gyara. Ya kama ɗaki a Agege cikin 'yan uwansa Hausawa, waɗanda fataucin goro da hanyar jirgin ƙasa suka zaunar da kakanninsu a nan tun zamanin Turawa, ya yi aure, ya iya Yarbanci har yana yi wa iyayenmu tafinta a gaban masu gida, gida kuwa sai dai ziyara da Sallah.

Mai Girma Gwamna, mafi yawanmu makunnin bango kaɗai muka sani, shi ya sa ya kamata a faɗi inda irin su Baba Kofur suke tsayawa a wannan doguwar hanya. Wutar da ake samarwa a madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 yana can bakin daga, tana biyowa ta Jebba da Osogbo a kan manyan hasumiyoyin ƙarfe da ƙarfin bolt 330,000 har ta iso tashar Ikeja ta Yamma da ke Ayobo, ta haɗu da wadda ake samarwa a tashar Egbin kusa da Ikorodu, mai ƙarfin megawat 1,320, da aka gina a tsakiyar shekarun 1980. Daga nan ake sassauto ta mataki mataki, zuwa 132,000, zuwa 33,000, zuwa 11,000, har taransifomar unguwa ta mai da ita 415 da ake rabawa gidaje. Matakan sama suna hannun kamfanin tarayya na TCN, amma ukun ƙarshe, waɗanda yanzu suke ƙarƙashin idon hukumarka, su ne ke ratsa kasuwa da lungu da saman kwanon mutane, su ne iskar damina ke tsinkawa, gishirin teku ke ci, manyan motoci ke ja, kuma a kansu ne mai hawa falwaya yake kasada da ransa.

Na sha tsayawa ina kallonsa yana aiki a layinmu, kuma tsarinsa bai taɓa sauyawa ba. Ba ya yarda a sauke tsani daga mota sai takardar izini ta shiga hannunsa cewa an kashe layin. Daga nan sai ya taka da ƙafarsa zuwa taransifoma, ya zare fiyus ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su cikin jakar da ke rataye a wuyansa, domin kada wani mai gaggawar kallon ƙwallo ya zo ya mayar da su alhali mutum na sama. Sai ya gwada wayar ya tabbatar babu wuta, ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ɗaure wayoyin da shi, ta yadda ko wuta ta shigo ta wata hanya ƙasa za ta shanye ta kafin ta kai jikin mutum. Idan turken na katako ne sai ya soka sukuddireba a gindinsa ya ji ko gara ko ruwa sun cinye cikinsa, domin turke yakan tsaya kamar lafiyayye alhali ƙasansa ya zama gari. Bayan duk wannan ne zai ɗaure tsani, ya ɗaura bel, ya sa safar roba, ya yi bisimilla ya hau. Jama'a na ƙasa suna gunaguni, yaransa na aiki na cewa tsoho ya cika nawa, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, wuta ba ta san tsohon ma'aikaci ba. A tsawon shekarun da ya shugabanci tawaga bai taɓa kai gawar yaronsa gida ba, kuma da wannan kaɗai na taɓa jin ya yi alfahari.

Shi kansa dai bai tsira ba. A shekarun da janareta ya fara cika gidajen Legas, wata rana yana sama yana haɗa waya a layin da aka kashe, sai wani mai gida ya tayar da injinsa ba tare da ya raba gidansa da layin gwamnati ba. Wutar janareta a irin wannan hali baya take komawa ta bi wayar titi, kuma idan ta samu hanya ta ratsa taransifoma sai ta haura ta zama dubbai a babban layi, domin taransifoma yadda take sauke wuta ta wannan fuska haka take ɗaga ta ta ɗaya fuskar. Bel ɗinsa ne ya riƙe shi yana reto a sume har aka sauko da shi. Yatsu biyu na hannunsa na hagu suka ƙone suka lanƙwashe, ba su sake miƙewa ba, har ya zamana da tafin hannu yake tallafe kofin shayi. Tun daga ranar ya ƙara wa tsarinsa abu guda, ya bi gida gida yana ƙwanƙwasa ƙofa yana roƙon a kashe inji kafin ya hau. Maganin wannan haɗari ƙaramin makunni ne da masu wayarin ke kira canji-oba, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin injin, amma har yau akwai gidaje da shaguna masu ɗimbin yawa da ba su da shi, ga kuma na'urorin hasken rana da batura sun ƙaru a kan janareta. Jiharka tana da ikon wajabta shi a kan kowane gini, da ikon hukunta mai wayarin da ya haɗa inji babu shi, kuma ina roƙon a yi amfani da wannan iko.

Ya yi ritaya a zamanin da NEPA ta koma PHCN, saboda haka yana zaune a gida aka miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa ranar 1 ga Nuwamba, 2013, Legas ta rabu tsakanin kamfanin Ikeja da na Eko. Ba ni da ja a kan sayarwar, domin duk wanda ya rayu a zamanin NEPA ya san ba aljanna muka baro ba, kuma shi kansa Baba Kofur yakan ba da labarin yadda suke ɗaure tsinkakkiyar waya da guntun wata saboda babu kaya a sito. Sai dai a wancan zamani mai hawa falwaya ma'aikaci ne mai lamba da fayil, wanda ya san ofishin da matarsa za ta nufa idan bai dawo ba. Yau aiki mai yawa ya koma hannun 'yan kwangila da masu aikin wucin gadi, abin da ƙungiyar ma'aikatan wutar lantarki ta NUEE ta daɗe tana kokawa a kai, kuma idan haɗari ya auku sai a shiga nuna wa juna yatsa a kan wanda ya ɗauki yaron aiki.

Mun ga haka a cikin unguwarmu. Wani saurayi da Baba Kofur ya koya wa aiki da hannunsa ya samu shiga wurin wani ɗan kwangila da ya ɗauki aikin jan layi a wata sabuwar unguwa a bayan gari. Safar da aka ba shi ta tsage tsakanin yatsu, bel ɗin kuwa ɗaya ne ake karɓa-karɓa tsakanin mutum da yawa, ranar da abin ya faru yana wurin wani. Ya faɗo ya karya ƙashin baya. Ɗan kwangilar ya biya kuɗin asibiti na farko, daga nan wayarsa ta daina shiga, sai a masallaci aka riƙa shimfiɗa dadduma bayan sallar Juma'a ana tara masa abin da ya sawwaƙa. Baba Kofur, da ƙafarsa mai ciwo, shi ya riƙa zuwa yana juya shi a kan katifa domin kada bayansa ya yi gyambo, yana kuma faɗa da ɓacin rai cewa a bakin daga ma ba a barin wanda ya ji rauni a baya.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa kowane mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, domin a kula da wanda ya ji rauni ko ya naƙasa a bakin aiki, a kuma riƙa biyan iyalin wanda ya mutu. Matsalar ita ce yaron da babu sunansa a takardar albashin kowa ba shi da ƙofar shiga wannan asusu. A nan ne hukumar LASERC take da makamin da babu wanda yake da irinsa, wato lasisi. Babu mai sayar da wuta a Legas yanzu sai da izininta, saboda haka tana iya sa sharaɗi cewa duk wanda zai hau turke da sunan mai lasisi, ma'aikacinsa ne ko na ɗan kwangilarsa, sai ya kasance cikin rajista, yana da shaidar horo, yana da kayan kariya nasa na kansa, an kuma zuba masa kuɗin diyya, kuma alhakin duk wannan ya rataya a wuyan mai lasisin, wanda shi ne yake karɓar kuɗin jama'a a ƙarshen wata. Ina kuma roƙon a riƙa wallafa rahoton kowane haɗari da sunan wanda ya rutsa da shi, da wurin, da dalilin, da abin da aka biya iyalinsa, domin alƙaluman da babu suna a cikinsu ba sa hana kowa barci, kuma ba sa ba matar mamaci hujjar da za ta riƙe ta nemi haƙƙinta.

Akwai wani haɗarin da ba daga waya yake zuwa ba. Wanda ya zauna a ofis ya ƙiyasta wa gidan da ba shi da mita kuɗin wutar da bai sha ba, ba shi ne yake zuwa yanke wutar ba, mai tsani ake turowa, kuma a kansa fushin unguwa yake sauka. Baba Kofur ya sha zagi a harsuna uku, an taɓa janye masa tsani yana sama aka bar shi rungume da turke har sai da dattawa suka sa baki, alhali idan ya gyara layi yara suka kaure da ihun an kawo wuta babu mai tuna wanda ya kawo ta. Muddin gidaje suna nan babu mita wannan gaba ba za ta mutu ba, saboda haka raba mita ga kowa yana cikin matakan kare ran ma'aikaci, ko da ba a saba kallonsa ta wannan fuska ba. Abin da ya fi ƙona masa rai a ƙarshen rayuwarsa shi ne labarin da kafafen yaɗa labarai suka ɗauka a watan Maris na 2025, cewa wasu sojojin sama ɗauke da makamai sun kutsa hedkwatar kamfanin rarraba wuta na Ikeja da ke Alausa, kusa da ofishinka, suka lakaɗa wa ma'aikata duka saboda an yanke wa barikinsu wuta a kan bashi. Mutumin da ya sa kakin soja ya kuma sa na ma'aikacin wuta ya wuni ranar bai ce uffan ba, da dare ya ce wa babban ɗansa idan mai kaki ya yi haka, me za a ce wa ɗan tasha. Ina roƙon gwamnatinka ta ɗauki taɓa ma'aikacin wuta a bakin aikinsa da nauyin da take ɗaukar taɓa jami'in LASTMA mai kula da zirga-zirgar motoci, kuma a ga an gurfanar da mai laifi ko wane ne shi.

Adalci ne in faɗi laifin namu ɓangaren. Ƙa'ida ta tanadi a bar fili mai faɗin mita 50 a ƙarƙashin layin 330,000 da mita 30 a ƙarƙashin na 132,000, amma duk wanda ya zagaya Legas ya ga rumfuna da garejin makanikai da wuraren ibada a ƙarƙashinsu, kuma cikin masu wannan kasada har da 'yan uwanmu masu shayi da masu tara gwangwan da masu sayar da dabbobi. Baba Kofur ya ɓata da mutane da yawa a kan haka, kamar yadda ya ɓata da duk wanda ya zo masa da tayin ya ja masa wuta ta bayan mita, ko ya kawo masa wayar da bai iya faɗin inda ya samo ta ba. Ba na neman a ɗaga wa kowa ƙafa. Abin da nake nema shi ne idan za a tashi mutane a ba su wa'adi na gaskiya, a bi ta hannun sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa a yi musu bayani da harshen da suke ji, domin da yawansu sun ɗauka sai an taɓa waya take kisa, ba su san babbar wuta tana tsallako iska ta kama mai ɗauke da dogon ƙarfe ba.

Game da tsufansa ba zan tsawaita ba, domin na san fanshon soja da na tsofaffin ma'aikatan wuta al'amari ne na tarayya. Ya samu ɗan abin da yake samu, ba kullum a kan lokaci ba, kuma duk sa'ad da aka kira tantancewa sai ya ɗauko wata tsohuwar leda mai ɗauke da takardar sallamarsa daga soja, wadda ta yi laushi har ta rabu a kan ninki aka manne ta da salatif, ya je ya bi layi a rana tare da tsofaffi irinsa, wasu a keken guragu, wasu jikoki na riƙe da hannunsu. Duk da haka babu ranar 15 ga Janairu da ta wuce shi, muddin yana iya tafiya, bai goge lambobinsa ya maƙala a ƙirji ya shiga mota zuwa dandalin Tafawa Balewa ba, inda ake ajiye furanni domin tunawa da mazan jiya, inda kai ma kake zuwa ko ka aika wakili. Yakan tsaya can baya cikin 'yan ƙungiyar tsofaffin sojoji, a busa begila, a saki tattabaru, manya su shiga motocinsu, shi kuma ya nemi motar Oshodi. Abin da ya cinye ɗan fanshonsa a shekarun ƙarshe magani ne, na hawan jini da na ƙafar nan da ta ƙi barinsa, kuma a nan jiha tana da abin yi ba tare da jiran Abuja ba. Shirin inshorar lafiya na Ilera Eko yana nan yana aiki, waɗanda suka yi yaƙin basasa kuwa mafi ƙanƙantarsu ya haura saba'in, ba su da yawa kuma kullum raguwa suke yi. Sanya su cikin shirin kyauta, tare da tsofaffin masu hawa falwaya da aiki ya naƙasa, ba zai girgiza kasafin jihar da ta fi kowace jiha samun kuɗin shiga ba, kuma ina fata a yi shi ga duk mazaunin Legas da ya cancanta ba tare da tambayar jiharsa ta asali ba, domin lokacin da aka tura su daga, da lokacin da aka tura su saman turke, babu wanda ya yi musu wannan tambaya.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ilimin da ke tafiya tare da irin waɗannan mutane. Baba Kofur ya san inda tsofaffin wayoyin ƙarƙashin ƙasa suka bi a sassan Agege da Ikeja, ya san layin da yake karɓar wuta daga fuska biyu wanda kashe shi ta gefe ɗaya bai isa ba, kuma ma'aikata sun ci gaba da zuwa ƙofar gidanmu suna tambayarsa shekaru bayan ya yi ritaya, yana zana musu da tsinke a ƙasa. Akwai sauran tsararrakinsa da ke raye a Agege da Mushin da Idi-Araba da Ajegunle, Yarbawa da Ibo da Hausawa da sauransu, kuma kwalejojin fasaha na jiha, ciki har da wadda ke Agidingbi, za su amfana idan aka gayyato su suna zama da ɗalibai ana ba su ɗan alawus. Idan ofishinka ko hukumar LASERC na buƙatar ganin waɗanda na ambata, dattawan unguwarmu a shirye suke su kawo saurayin nan da ya karye a kekensa, tare da matar marigayin da takardunsa, a duk ranar da aka sa mana.

Allah Ya jiƙan Baba Kofur Ya gafarta masa, Ya kuma yi maka jagora a kan nauyin da ke wuyanka.

Naka cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta, mazaunin Agege, Legas.